Na Kai Gaisuwa Gidan Wanda Aka Kora Saboda Ni

Ni dai Lawan, warin fata ne ya zaga da ni duniya. Mahaifina ma'aunin fata ne a Kano, shi ke ɗaga fatar akuya ya shinshina, ya lanƙwasa, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, wannan kuwa a mayar wa mai ita da haƙuri. Ni na yi boko, na karanta kimiyyar jima, sai na zama shi ɗin dai, amma da farar riga da kwalabe. Na yi shekara uku a Habasha, na yi biyu a Indiya inda barkono ya kusa raba ni da hanjina, na leƙa Italiya na koyo shan gahawa a tsaye kamar wanda aka biyo. Saboda haka lokacin da wani kamfanin fata a New York ya nemo ni, ina da shekara arba'in da bakwai, na ɗauka babu sauran abin da baƙunta za ta koya mini. Ashe da saura.

Bari in fara bayyana muku takardar da ta kai ni, don duk labarin a kanta yake. Biza ce ta aiki, ta ɗan lokaci, wadda ake ba waɗanda aka ce ƙwararru ne. Kamfani ne ke nema maka, a jefa sunanka a ƙuri'a, in ka fito ka taho. Abin da ba a faɗa maka da ƙarfi shi ne, sunan kamfanin yana rubuce a jikinta. Ranar da ya ce ba ya yi da kai, ba aiki kaɗai ka rasa ba, ƙasar ma ka fara rasa ta. Mai kamfanin, Mista Derik, ya yi mini alkawari tun a waya cewa in na yi shekara lafiya zai nema mini girin kad, takardar zama ta dindindin. A kan wannan muka tsaya ni da matata Hajara: ba za mu cire yara daga makaranta ba, ita kuma ba za ta rufe shagon ɗinkinta ba, sai takarda mai ƙwari ta fito. Ina tafe ne in share musu hanya.

Zangona na farko Bronx ne, unguwar University Heights, hawa na huɗu. Ɗaki na kama a gidan Hajiya Meri, mutuniyar Kumasi ce mai aikin kula da tsofaffi. Ran Lahadi takan dafa wake da shinkafa irin nasu, falon ya cika. A nan na haɗu da Alhaji Isuhu, Badamagare, mai tebur a bakin titin Fordham, yana sayar da huluna da jakunkuna da laima. Da jin ni Bakano ne ya ce shi ke nan, Allah ya kawo masa bawa har gida. Na ce masa bawan da ya zo a jirgi da biza, ubangidan kuma yana tsaye cikin dusar ƙanƙara yana kiran a sayi laima. Tun ranar muka ƙulla.

Shi ya raɗa mini ɗan gatan biza. Ya shekara goma sha yana jiran papiye, kamar yadda yake kiran takarda, ni kuwa na sauka da tawa a aljihu. Ban yi masa musu ba. Ni ma a lokacin ɗan gatan nake jin kaina.

Zango na biyu ɗakin gwaji ne a Queens, can bayan sito, taga ɗaya. Kamfanin yana shigo da fata daga ƙasashe yana sayar wa masu yin takalma da jaka. Manyan masu saye ba sa karɓar kaya sai da takardar gwaji mai sa hannun masani. Wannan hannun shi aka ɗauko ni in riƙa sawa. Wanda na tarar a kujerar sunansa Mista Frank, dattijo mai farin gira, ya kusa shekara talatin a wurin. Mista Derik ya ce mini ritaya zai yi, zai nuna mini aiki na mako shida ya tafi ya huta.

Mista Frank bai cika magana ba. Ya nuna mini inda komai yake, injin da sai an buga masa gefe yake tashi, dillalin da ke ɓoye ruɓaɓɓiya a tsakiyar dami. Amma ranar da na ga ya ɗauki fata, kafin ya taɓa kwalba ko ɗaya, ya kai ta hanci ya rufe ido, sai da na juya baya na goge fuska. Mahaifina sak. Daga ranar na riƙa ce masa Malam a raina. Ina gaishe shi da safe, gaisuwa cikakkiya, ya gida, ya iyali, ya sanyi. Shi kuma ya amsa da kalma ɗaya. Na ce halin Turawa ne.

Ranar ƙarshe na sa ido in ga walima. Babu lemo, babu jawabi, babu ko hoto. Ya zuba littattafansa da kofin shayinsa a kwali, ya rungume, ya fita ta ƙofar sito. Abin ya tsaya mini. Na ce waɗannan mutane suna da injina amma tarbiyya ta yi musu ƙaranci, ni zan gyara.

Ka ga a wurinmu, in ka gaji kujerar mutum, ba ka zama a kai sai ka taka har gidansa, ka gaishe shi, ka yi masa ban gajiya, ka nemi albarkarsa, kuma ba ka zuwa hannu sake. Haka mahaifina ya yi wa wanda ya gada, haka aka yi masa. A ƙasan akwatina kuwa akwai jar fatar akuyar Sakkwato guda, jimar gargajiya da bagaruwa, aikin wani aminin mahaifina. Ta bi ni Habasha, ta bi ni Indiya, ban taɓa samun wanda ya cancance ta ba. Na roƙi matar da ke karɓar baƙi a ofis ta ba ni adireshinsa, na ce saƙo zan kai. Ta yi jim, ta rubuta. Staten Island.

Hajiya Meri ta gan ni ina goge babbar riga, ta tambaya, na faɗa mata. Ta ce, “Injiniya, nan ba Kano ba ne o. Ko ɗanka ne, sai ka kira kafin ka je.” Na ce in na kira zai ce kada in wahalar da kaina, gaisuwa kuwa ai wahalar ce darajarta. Ta ce to Allah ya kiyaye, ta ci gaba da yankan albasa.

Asabar da safe na shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, na hau jirgin ruwan nan mai launin lemo da ke tsallaka mutane kyauta. Babbar riga a ciki, ƙaton kwat a sama, hula a ka, fata a hammata. Ina ta tsara Turancin da zan yi. Na sauka St. George, na hau bas, na wuce Stapleton, na sami gidan, ɗan ƙarami mai matakala uku. Na danna ƙararrawa. Shi ya buɗe, da rigar barci har ƙarfe goma sha ɗaya. Na ɗan rusuna, na ce na zo taya shi murnar ritaya, Allah ya sa ya ci moriyar hutunsa, ya kuma sa mini albarka a kujerar.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Wa ya ce maka hutu nake?”

A nan bakin ƙofa ya faɗa mini, ba tare da ɗaga murya ba. Korarsa aka yi. An ce masa in bai zauna ya koya wa wanda zai gaje shi ba, haƙƙinsa na sallama ba zai fito ba. Mako shidan da nake ta ya gida ya iyali, mutumin yana haƙa ramin kansa ne, ni ina miƙa masa shebur ina murmushi. Ya tambaye ni ko na zo in ga yadda ya kwanta ne. Matarsa na tsaye a bayansa da tsumma a hannu.

Na sha kunya a ƙasashe da yawa, amma wannan daban ce. Turancin da na tsara duk ya gudu. Na ajiye fatar a kan ƙarfen matakala, na ce ban sani ba, wallahi ban sani ba, na juya. A jirgin ruwa na ƙi shiga ciki, na tsaya waje iska tana yankar kunnena, don na ga ya dace wani abu ya hukunta ni.

Da na ba da labari ran Lahadi, Alhaji Isuhu ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce sai Bakano, ya ƙwace wa mutum tuwo sannan ya bi shi gida ya ce a sa masa albarka. Hajiya Meri ba ta yi dariya ba. Ta ƙara mini nama.

Shekarar da ta biyo baya shekarar zaɓe ce, kuma sai ga mu a bakin kowa. Ka kunna talabijin, wani mai jan wuya yana cewa mu ɓarayin aiki ne, an kwaso mu da arha don a kori 'yan ƙasa. Ka canja tasha, wani mai gilashi yana cewa mu ne ƙwaƙwalwar da ƙasar ba za ta iya rayuwa babu ita ba. Wannan ya mai da ni ɓarawo, wancan ya mai da ni waliyyi, babu wanda ya tambaye ni ko na karya kumallo. Nakan tsaya gaban talabijin ɗin Hajiya ina mayar musu da martani da Hausa. Ban saci aikin kowa ba. Takardun karatuna na gaske ne, shekara ashirin ina wannan aiki, ba ta taga na shigo ba. Amma duk sanda na kai ƙarshen faɗan, sai in ga dattijon nan da rigar barci, in rage murya.

A wurin aiki kuwa, na yi abin da na iya. Dami mai kyau na ce mai kyau ne, marar kyau na mayar. Da farko Mista Derik yana dafa mini kafaɗa. Daga baya murmushin ya fara sirancewa. Shekara ta cika, na tuna masa girin kad, ya ce lauya yana dubawa. Bayan wata uku lauya yana nan yana dubawa. Na ce wannan lauya ko tabarau za a saya masa. Hajara kuwa duk Asabar in mun yi waya sai ta tambaya a fakaice, wai ƙaramar ce ke son sanin ko dusar ƙanƙara tana da ɗanɗano.

Sai ga wani kaya ya iso, babba, fata mai laushi kamar kunnen ɗan maraƙi, ta yin takalman jarirai. Akwai wani dafi da ke fitowa a fata in an yi jimar zamani da ganganci, yana cin jikin mutum, balle na jariri mai kai komai baki. Gwajinsa ba wuya. In fata lafiya take, ruwan kwalba ya zauna fari. In akwai dafin, ya juye shunayya. Na gwada, ya juye. Na ce ko kwalbar ce, na wanke, na sake. Na yanko daga wani dami, na sake. Sau uku, shunayya kamar an rina.

Ran Juma'a Mista Derik ya kira ni ofis. Takarda biyu ya jera a tebur, gefe da gefe. Ɗaya takardar gwaji ce, an riga an buga mata sakamako cewa kaya lafiya, saura hannuna. Ɗayar kuwa fom ɗin girin kad ne, ashe lauya ya gama dubawa. Bai yi mini barazana ba, in faɗi gaskiya, har shayi ya ba ni. Ya ce ɗan abin da na gani bai kai ya kawo ba, kowa a harkar haka yake yi, kuma shi mutum ne mai son ganin iyali a haɗe. Ya ce in yi tunani zuwa Litinin, duka biyun biro ɗaya za su ci.

Alhaji Isuhu ya ce in sa hannu. Ba da wasa ya faɗa ba. Ya ce shi mahaifiyarsa ta rasu yana nan, a waya ya ji ana yi mata salla, don in ya fita ba ya dawowa. Ya ce takarda in ta zo hannunka ba ka tambayar ta wace hanya ta bi. In kuma taurin kan Kanawa ya hana ni, to kada in koma, in ɓace cikin Bronx kamar kowa, zai matsa mini gefe a teburinsa. Na san abin da wannan tayin ya ci masa, tebur ɗin bai fi taku biyu ba. Na riƙe hannunsa na gode masa.

Asabar na kira Hajara na zayyana mata komai. Sannan ta ce, “Jaririn wa zai sa takalmin?”

Na ce ban sani ba.

Ta ce, “To ko na waye, yana da uwa.” Sai ta ƙara da cewa, “Amma kada ka ɗauka ban ji haushi ba, Baban Ummi. Rigunan sanyi uku na saya a gwanjo. Na kuma riga na faɗa wa Yaya za mu biyo ka.”

Litinin na je da wuri. Na ɗauki takardar gwajin, na ja layi a kan abin da aka buga, na rubuta abin da kwalba ta nuna, na sa kwanan wata, na sa hannu, hannu mai kyau, irin wanda nake yi a fasfo. Na kai masa. Ya karanta, ya tambaye ni ko na san abin da wannan ke nufi. Na ce na sani, shi ma kuma ya san abin da shunayya ke nufi. Na ce an ɗauko ni ne a matsayin ƙwararre, haka aka rubuta wa gwamnati, to ga ƙwarewar, ban zo da wata ba.

Kafin azahar ina rungume da kwali, littattafai da kofin shayi, ina fita ta ƙofar sito. Sai a bakin titi na lura ko riƙon kwalin irin na Mista Frank na yi.

A lokacin ba a daɗe da fito da wata ƙa'ida ba, cewa wanda ya rasa aiki a irin bizata yana da kwana sittin ya sami wani kamfani da zai ɗauke shi, ko ya bar ƙasar. Hajiya Meri ta cire kalandar kicin ta ba ni. Na bi kamfanoni har New Jersey. Ko'ina maganar ɗaya ce: takardunka sun yi kyau, amma ka san yanayin da ake ciki, lauyanmu ya ce mu dakata. Wani ma ya riƙe ni awa guda yana tambayata yadda ake gyara fatar da ta yi fumfuna, ya rubuce tsaf, sannan ya ce za su kira ni. Har yau suna kira.

Ran kwana na talatin da huɗu ina zaune a wurin wankin kaya, waya ta yi ƙara. Murya ta ce, “Frank ne. An ce ka sa hannu.” Na ce na sa, amma a kan abin da na gani. Sai na ji wani sauti kamar tari, ashe dariyarsa ce, ban taɓa ji ba. Ya ce in zo gida ran Asabar, wannan karon shi ya gayyace ni.

Fatar tana shimfiɗe a hannun kujerarsa, har ta yi duhu inda yake ɗora gwiwar hannu. Ya ce kwana biyu ta yi a waje, matarsa ce ta shigo da ita. Ya ɗauka zai jefa a shara, sai hancinsa ya ci amanarsa. Shekara talatin yana shinshinar fata, bai gane da me aka jeme wannan ba, abin ya hana shi sakat fiye da shekara. Na ce bagaruwa ce. Ya sa na maimaita sau uku, ya rubuta a bayan ambulan.

Daga nan ya faɗa mini abin da bai faɗa a bakin ƙofa ba. Shi ma an sha ajiye masa irin takardar nan, yana turewa. Mista Derik ba shi da abin da zai jera a gefenta, don shi Frank ɗan ƙasa ne, in an kore shi gida kawai zai koma. Shi ya sa aka tafi neman wanda za a iya jera wa takarda biyu. Ya ce, “Ba don ka fi ni iyawa aka kawo ka ba. Igiyar wuyanka aka saya.”

Na ce maganar igiya gaskiya ce, amma iyawa kam na fi shi, tunda ni na san bagaruwa. Matarsa ta yi dariya daga kicin.

Kada ku ɗauka ya sauya ra'ayi. Ya ce har gobe yana adawa da bizar nan, kuma akwai taron waɗanda aka kora daga aiki irinsa a wani zauren coci a Manhattan, mako mai zuwa, har allo ya rubuta. Na ce ya tafi da ni. Hajiya Meri ta ce Injiniya, kanka ɗaya kuwa? Na ce me za su yi mini, su kore ni daga aiki?

Mun haɗu a St. George. A cikin jirgin ruwa ya sayi gahawa, hannu ya yi masa kaɗan, ya miƙo mini allon in riƙe masa. Ga ni nan zaune, baƙi wuluk, da hula zanna bukar, rungume da allon da ke cewa a daina kawo irina. Wata mata ta karanta allon, ta dube ni, ta sake karantawa, ta tashi ta canja kujera. Na ce wa Mista Frank ya sha a hankali, aikin ya karɓe ni.

Zauren bai cika ba, kujerun ƙarfe ne da mutane masu furfura. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suna ba da labarin yadda aka sa su koya wa waɗanda za su gaje su. Ban ji ƙarya a bakin kowa ba. Da aka ce ko akwai mai magana, na miƙe. Na ce ni ne mutumin da kuke magana a kai, ga ni, ku dube ni da kyau, ba ni da ƙaho. Wani daga baya ya ce in koma ƙasarmu. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, saura kwana goma sha biyu, har na fara ninke kaya.

Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ba zan ba kowa haƙuri don na iya aikina ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri don na tsallako teku neman abincin 'ya'yana ba, kakanninku ma ba a nan aka binne cibiyarsu ba. Amma ku sani, mutumin da ba zai iya cewa a'a ba, shi ne ke karya muku farashi, ba mutumin da ya zo daga nesa ba. In kuna so ku rufe ƙofa, ƙasarku ce, ku rufe. In kuwa za a bar ta a buɗe, to a cire sunan kamfani daga wuyan mutum, ya iya ajiye aiki ya nemi wani kamar kowa. Ranar da aka yi haka, mai neman bawa zai daina aikawa a ɗauko mu, sai mai neman ma'aikaci.

Ba a tafa ba. Mutum biyu ko uku sun gyaɗa kai, wanda ya ce in koma ya fita shan taba. Mista Frank, da ke gefena, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Kujerata aka ba shi. Kuma ya ƙi sa hannu a abin da na ƙi.” Iyakar jawabinsa ke nan, kuma a wurinsa wannan huɗuba ce.

Ya yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Ya kai ni wurin wasu masu gyaran tsofaffin littattafai da ke neman wanda ya san fata. Sun so ni, na so su, lauyansu ya ƙirga kwanakin ya ce ba za a gama ba. Kafin in tafi muka zauna a teburin kicin ɗinsa muka rubuta wa masu sayen fatar jariran wasiƙa, cewa su kai kayan wani ɗakin gwaji su gani da idonsu. Shi ya kai da hannunsa, don shi babu abin da za a tsinke masa.

Ran kwana na hamsin da takwas na tashi. Hajiya Meri ta cusa mini yaji a akwati. Alhaji Isuhu ya rufe tebur, abin da ko ran Salla ba ya yi, ya raka ni filin jirgi. Ya ba ni laima, ya ce in kai wa Kanawa su ga abin da ake kira kaya. Sannan ya ce in na sami hali in je Damagaram, unguwa kaza, in tsaya a kan kabarin tsohuwarsa in yi mata addu'a. Na je, wata biyu da komawata.

Rigunan sanyin nan uku suna nan rataye a bayan ƙofar ɗakin Hajara. Ta ƙi sayarwa, ta ƙi bayarwa. Ta ce duk ranar da na sake jin ƙaiƙayin tafiya, in dube su tukuna.

Bayan 'yan watanni Mista Frank ya kira ni, ina tsakiyar majema, hannuna duk bagaruwa. Ya ce masu saye sun gwada, sun mayar da kayan. Ya ce kuma an kawo wani a kujerarmu, daga wata ƙasa can gabas, da irin bizata, da mata da jariri. Ya ce bai san abin da zai yi da wannan labarin ba.

Na ce ya nemi adireshinsa ya je gidansa ya gaishe shi, kuma kada ya kira kafin ya je.

Ya ce, “Lawan, nan ba a yin haka.”

Na ce na sani.

Ina jin numfashinsa da kukan jirgin ruwa can nesa. Sannan ya ce, “To me ake riƙewa a hannu?”